Maktabatus Shamila da bahasin sa'ada: abin da take ba mai bincike da abin da take hana shi

Ɗalibin da aka ba shi maudu'i a kan alaƙar sa'ada, wato dacewa da jin daɗi na hakika, da imani, a jami'a ne ko a kwalejin shari'a, abin da yake fara yi a yau shi ne ya buɗe Shamila, manhajar littattafan Larabci, ya rubuta السعادة a akwatin bincike. Sakamako zai zubo masa dubbai, kuma akasarinsu babu abin da ya haɗa su da aikinsa. Daga nan wasu ke yanke hukuncin cewa manhajar ba ta da amfani a fannin falsafa da tauhidi, wasu kuma su kwashi duk abin da ya fito su cika takarda. Duka biyun sun yi gaggawa. Shamila tana da ƙarfi ƙwarai a rabin wannan bahasi, tana da rauni a ɗaya rabin, kuma ba za ta gaya maka da bakinta a wane rabin kake tsaye ba.

Manhajar kyauta ce, ta fara fitowa a 2005, tana ɗauke da dubban littattafan Larabci da aka sake bugawa a kwamfuta yadda za a iya neman kalma a cikinsu. Ana iya amfani da ita a shafinta na intanet, ko a girka ta a kwamfuta mai Windows. Ga mai bincike na gaske ta kwamfutar ce mafita, domin idan littattafan suka sauka an gama da sayen data, kuma zaɓin bincikenta ya fi yawa. Nauyinta ya kai gigabait masu dama, saboda haka kwafowa daga wanda yake da ita ya fi sauƙi a kan saukewa da datar waya, musamman inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Wanda ya samu tsohon zubi na uku zai iya buɗewa ya tarar da alamomin tambaya a jere maimakon haruffan Larabci. Ba lalacewa ta yi ba. Tsohon zubin ya dogara ne da harshen da aka saita wa Windows don tsofaffin manhajoji, sai a shiga saitin yanki a mayar da shi Larabci, a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Zubi na huɗu ba shi da wannan matsala, shi ya kamata a nema. A kuma ƙara allon rubutun Larabci tun farko.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne tsarin rumbun. Sassansa kimanin arba'in ne: aƙida, ƙungiyoyi da raddi, tafsiri, littattafan sunna, sharhin hadisi, fiƙihun mazhabobi huɗu, raƙa'iƙ (littattafan tausasa zuciya) da ladubba, tarihi, har da manɗiƙi da likitanci. Babu sashe mai suna falsafa. Littattafan da suka shafi sa'ada a warwatse suke, galibi a raƙa'iƙ da ladubba, wasu a aƙida, wasu a sashen raddi. Wannan tsari shi kansa ya nuna inda hankalin masu rumbun ya karkata, wato hadisi da tafsiri da fiƙihu.

To daga ina tarin sakamakon banza yake fitowa? Daga hashiya mafi yawa, wato bayanan ƙasan shafi. A Alƙahira an yi wata tsohuwar maɗaba'a mai suna Maɗba'atus Sa'ada, wadda ta buga littattafai masu yawa a farkon ƙarni na 20, kuma duk mai tahƙiƙi, wato mai tace littafi don bugawa, da ya ambaci bugunta a ƙasan shafi zai faɗo cikin sakamakonka. Haka Miftahus Sa'ada na Ɗashkubrizada, littafi ne na rabe-raben ilmomi da ake yawan ambata wajen tarihin marubuta. A littattafan tarihin Sham kuma Darus Sa'ada sunan gidan gwamnan Dimashƙa ne. Idan aka yi kuskuren kunna bincike ta asalin kalma, lamarin sai ya ƙara dagulewa, domin duk Sa'idu da Sa'adu da Mas'udu da ke cikin isnadi za su fito, daga Abu Sa'idil Khudri har Sa'idu ɗan Jubairu. Maganinsa mataki uku ne. A cire hashiya daga fagen bincike a bar matani kaɗai. A zaɓi sassa huɗu ko biyar maimakon rumbun gaba ɗaya. Sannan a haɗa kalmar da abokiyar tafiyarta: sa'ada da nafs, sa'ada da kamal, sa'ada da lazza, sa'ada da shaƙawa (kishiyarta). Binciken kanun babuka ma yana da riba, don yana kai mutum inda marubuci ya ware wa mas'alar fasali, ba inda ta gifta a jimla ba.

Ko an tace sakamakon, akwai gibin da ya fi wannan girma. Alƙur'ani bai zo da lafazin sa'ada a matsayin masdari ba. Asalin kalmar ya zo sau biyu, duka a Suratu Hud, aya ta 105 da ta 108, kuma duka a kan ranar lahira. Abin da ya shafi daɗin zuciyar mumini a duniya yana ƙarƙashin wasu lafuzza ne: hayatan ɗayyiba a Nahli 97, natsuwar zukata da ambaton Allah a Ra'adi 28, rayuwar ƙunci ga wanda ya juya baya a Ɗaha 124, buɗewar ƙirji a An'am 125, farin ciki abin yabo a Yunus 58 da abin zargi a Ƙasas 76. A nan Shamila ba ta da na biyu. Ka buɗe aya ɗaya, tafsirai su jeru maka bisa zamanin masu su. A Nahli 97 za ka ga Ɗabari ya kawo maganganun magabata: wasu sun ce arziki ne na halal, wasu sun ce wadatar zuci, an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa sa'ada ce, wasu kuma sun ce rayuwa ba ta yi wa kowa daɗi sai a Aljanna. Ɗabari ya rinjayar da wadatar zuci, Ibnu Kasir ya ce ayar ta tattare su duka. Tambayar da dukkan bahasin ya rataya a kanta, wato ko imani yana biyan mai shi tun a nan ko sai can, ga ta nan a shafi guda, cikin mintoci kaɗan. Da littattafan takarda wannan aikin yini ne.

Haka Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, zai kuɓuce wa mai neman kalma ɗaya. A Al'akhlaƙ was Siyar ya ce ya nemi wata manufa da dukkan mutane suka haɗu a kanta, bai samu ba sai korar damuwa. Mai neman dukiya damuwar talauci yake kora, mai neman suna damuwar a raina shi, mai neman ilmi damuwar jahilci. Ya ce kowace hanya cikin waɗannan tana haifar da sabuwar damuwa, in ban da aiki don Allah. Sai ka nemi طرد الهم kafin ka same shi.

Sashen aƙida da na sharhin hadisi za su ba ka wata sa'adar daban, kuma nan ne ɗalibai suka fi cakuɗa abubuwa. A wurin malaman tauhidi sa'ada ba yanayin zuciya ba ce, hukunci ne na ƙaddara. Tushensa hadisin Ibnu Mas'ud, na huɗu a Arba'una ta Nawawi, inda mala'ika ke rubuta arziki da ajali da aiki da kuma ko shaƙiyyi ne ko sa'idi. Ash'ariyya sun ce sa'idi shi ne wanda ya cika da imani, kuma wannan ba ya canzawa, abin da Laƙƙani ya ƙulla a baiti cikin Jauharatut Tauhid da ake karantawa a zaurukanmu. Maturidiyya sun ce sa'idi yana iya zama shaƙiyyi, shaƙiyyi ya zama sa'idi, kamar yadda Nasafi ya faɗa a Aƙa'idinsa, domin suna kallon halin da mutum yake ciki yanzu. Ibnu Hajar ya kawo saɓanin a Fathul Bari, a Kitabul Ƙadar, tare da hujjar kowane ɓangare, ya ce jayayyar ta lafazi ce: abin da ke ilmin Allah ba ya canzawa, abin da ke bayyana ga mutane yana canzawa. Wanda ya ɗauko wannan ya ajiye kusa da maganar masanin falsafa Farabi kamar abu ɗaya suke tattaunawa ya ɓata takardarsa. A lura kuma cewa matanonin Ash'ariyya na baya-baya da sharhohinsu ba su ne suka cika sashen aƙida ba. Mai son ra'ayinsu a cike ya riƙe bugun takardarsa kusa.

Inda manhajar ta fi burgewa shi ne bin sawun magana daga littafi zuwa littafi. Ga misali da kowa zai iya gwadawa. Nemi البقاء بلا فناء ko makamancinsa, ko kuma haɗa الهداية da الرشد da التسديد da التأييد a bincike ɗaya. Zai kai ka ga Gazali, wanda ya rasu a 505, a Mizanul Amal da kuma Ihya'u, a littafin haƙuri da godiya. A can ya ce sa'ada ta gaskiya ita ce ta lahira: wanzuwa babu ƙarewa, murna babu baƙin ciki, ilmi babu jahilci, wadata babu talauci. Abubuwan da ke kai mutum gare ta ya kasa su gida huɗu, kowane gida da huɗu, goma sha shida ke nan. Na rai: ilmi, kamun kai, jarunta, adalci. Na jiki: lafiya, ƙarfi, kyau, tsawon rai. Na waje: dukiya, iyali, daraja, asali. Na ƙarshe su ne na taufiƙi: shiriya, rushdu, tasdidi, ta'ayidi. Gida ukun farko duk wanda ya karanci ɗabi'un falasifa zai gane su. Na huɗun shi ne inda imani ya shigo, domin yana cewa duk abin da mutum ya tara ba ya kai shi sai Allah ya datar da shi. Wannan binciken dai zai nuna maka cewa Ragibul Asfahani ya yi wannan rabon a Azzari'a ila Makarimis Shari'a. Ka ci gaba gaba, sai ga Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, a Miftahu Daris Sa'ada yana kasa ta uku: ta waje wadda aro ce kamar dukiya da matsayi, ta jiki, sai ta hakika wadda take a zuciya, ita ce ilmi mai amfani da 'ya'yansa. Mutane uku daga makarantu daban-daban, ƙashin maganar guda.

Sai dai a nan akwai tarko. Shamila tana jera sakamako bisa shekarar rasuwar marubuci, kuma tana bin shekarar da ta shahara ga Ragib, wato 502. Wannan zai sa ka ɗauka sa'an Gazali ne, har ka kasa sanin wa ya ɗauka daga wa. Masu tahƙiƙi da dama sun tafi a kan cewa ya rasu tun farko-farkon ƙarni na biyar, gabanin Gazali da shekaru masu yawa. Jerin zamanin kayan aiki ne mai kyau, amma lambar da ke gaban suna ba hujja ba ce.

Kimiya'us Sa'ada ta Gazali ma tana buƙatar faɗakarwa. 'Yar risalar Larabci da ke yawo da wannan suna shafuka kaɗan ce. Babban littafin Gazali ya rubuta shi ne da Farisanci, a tsarin Ihya'u, da rukunai huɗu, kowane rukuni da asali goma, bayan gabatarwa mai kashi huɗu. Risalar Larabcin ta yi daidai da wani yanki na gabatarwar ne kawai, wanda ya shafi sanin kai. A cikinta ne ake cewa daɗin kowace gaɓa yana cikin abin da aka halicce ta dominsa, ido a kyawawan surori, kunne a zaƙin sauti, zuciya kuma a sanin Allah, kuma daɗin gaɓoɓi yana ƙarewa da mutuwa amma na zuciya ba ya ƙarewa. Wanda ya ce ya karanta Kimiya alhali wannan ya karanta, ƙofar gida ya tsaya. Amfanin Shamila a nan shi ne tantance hadisi nan take. Maganar nan da risalar ta jingina da ita, cewa wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa, kwafo ta ka nema a sashen takhriji, wato bin diddigin hadisai. Sakhawi a Almaƙasidul Hasana ya kawo cewa Nawawi ya ce ba ta tabbata ba, kuma ana danganta ta ga Yahaya ɗan Mu'azu Arrazi. Hadisan Ihya'u kuwa akwai takhrijin Iraƙi, wanda ya rasu a 806. Mai wa'azi da mai rubutu duka sun huta da kame-kame.

Yanzu ga raunin, kuma shi ne babba. Bahasin sa'ada a tarihin Musulunci muhawara ce tsakanin ɓangarori, falasifa na ɗaya daga cikin manyansu. Farabi, wanda ya rasu a 339, ya ce sa'ada ita ce alherin da ake nema don kansa, ana kaiwa gare ta da cikar hankali, kuma ba ta samuwa sai a gari nagari ƙarƙashin shugaba nagari. Addini a wurinsa yana isar wa jama'a ta hanyar misalai abin da mai falsafa ke kaiwa gare shi da hujja. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428, ya ce a ƙarshen Asshifa da Annajat makoma iri biyu ce: ta jiki, wadda ake karɓa daga shari'a, da ta rai, wadda hankali ke tabbatarwa, kuma masana Allah sun fi kwaɗayin ta biyu. A risalarsa Al'adhawiyya ya tafi nesa da haka wajen tawilin ta jikin. Wannan ne ya sa Gazali a Tahafutul Falasifa, cikin mas'aloli 20, ya kafirta su a uku, ɗaya daga ciki musun tashin jikkuna. Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 595, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut, ya kuma ce a Faslul Maƙal manufar shari'a ita ce koyar da ilmi na gaskiya da aiki na gaskiya, kuma sanin sa'adar lahira da shaƙawarta yana cikin wannan ilmi.

Mai neman waɗannan a Shamila zai fi cin karo da su ne a bakin wasu. Zai ga Ibnu Sina a taƙaice cikin Almilal wan Nihal na Shahrastani. Zai gan shi a dogayen naƙalce-naƙalcen Ibnu Taimiyya a Dar'ut Ta'arud da Assafadiyya, inda ake kawo shi don a rushe. Zai ga fasalin Ibnu Khaldun a Muƙaddima kan ɓata falsafa, inda ya kawo da'awarsu cewa sa'ada tana cikin riskar halittu da hujja, ya ce ba haka ba ne. Waɗannan malamai sukan naƙalto da amana, amma mai raddi yana zaɓar abin da zai rusa ne, yana barin abin da ke gabansa da bayansa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Takardar da ta ce "Ibnu Sina ya ce" sannan madogararta ta zama littafin wanda ke yi masa raddi, ba ta cika sharaɗin bincike ba, ko da hukuncin da ta yanke daidai ne. Farabi da Ibnu Sina da Ibnu Rushdi a nemi bugun da aka yi wa tahƙiƙi, na takarda ko hotonsa. Namaɗi (babi) na takwas na Al'isharat na Ibnu Sina, wanda aka ware wa bahja da sa'ada, gajere ne, ba abin tsoro ba ne a karanta shi kai tsaye.

Wanda ya ɗan cike gibin shi ne Miskawaihi, wanda ya rasu a 421. Tahzibul Akhlaƙ nasa yana kawo ra'ayin Aristo na kasa sa'ada gida biyar: lafiyar jiki, dukiya da mataimaka, kyakkyawan suna, cin nasara a al'amura, sai kyawun tunani da ingancin aƙida. A ƙarshen littafin kuma ya naƙalto daga risalar Alkindi kan dabarar kawar da baƙin ciki. Ga mai son jin muryar falasifa daga cikin gida, nan ne wurin farawa.

Maganar ambato a takarda ita ce ke jawo wa ɗalibai faɗa da malamansu. Kowane littafi yana da kati, بطاقة الكتاب, mai ɗauke da sunan mai tahƙiƙi da maɗaba'a da shekara da adadin juzu'i. A ƙarshensa ana rubuta ɗayan biyu: ko lambobin shafi sun dace da bugun takarda, ko kuwa na'ura ce ta jera su. Idan na biyun ne, lambar shafin ba ta da amfani a hashiyarka, sai ka ambaci babi da fasali. Idan na farko ne ma, dacewar da bugun da ke katin ne kaɗai. Ihya'u na Darul Ma'arifa mai juzu'i huɗu ba zai dace da wani bugun da ke hannun malamin da ke duba aikin ba. Rubutun kuma mutane ne suka buga shi, akwai tuntuɓen yatsa, kuma a irin wannan fanni ɗigo yana sauya ma'ana, kamar tsakanin عاقل da غافل idan haruffa suka zame. Duk jimlar da hujjarka ta rataya a kanta, gwama ta da hoton bugun. Zubin kwamfuta yana ba da damar haɗa matani da hotonsa, amma hotunan ana sauke su daban kuma sun fi matanin nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka a sauke na littattafan da ake aiki da su kawai.

Akwai kuma zubin da ba na hukumar manhajar ba, waɗanda wasu suka ƙara wa dubban littattafai, suna yawo a filashi daga hannu zuwa hannu. A cikinsu akan samu littattafan falsafa da sufanci da tauhidin Ash'ariyya da babu a na asali, abin da ke sa su jan hankalin mai wannan maudu'i. Ingancinsu ne ba shi da tabbas: littafi ɗaya sau uku da lambobin shafi daban-daban, kati babu sunan maɗaba'a, wani lokaci fasali guda ya ɓace ba tare da alama ba. Suna da amfani wajen gano a wane babi magana take. Wanda zai girka irinsu ya ware musu babban fayil nasu daban, kada ya zuba su a kan ta asali, domin idan suka gauraya ba zai ƙara bambance matanin da aka duba da wanda ba a duba ba.